Baƙon da ke shigo mana ɗaki ta waya: jawabi ga iyaye mata na Gyadi-Gyadi da Tarauni

Yau ba sanarwar taro na kawo muku ba, magana ce ta cikin ɗakunanmu. Don Allah a karanta har ƙarshe.

Akwai wasu manhajoji a waya irin su OmeTV, Azar da Monkey. Yarinya na dannawa, sai fuskar wani da ba ta taɓa gani ba ta fito kai tsaye ta bidiyo. In bai yi mata ba ta wuce, wani ya fito. Ba ta san ɗan wa ne ba, ba ta san garinsu ba. Mu da ba ma barin baƙo ya wuce zaure, ga shi ya shigo har kan gado.

Wanda ya fara yin suna a wannan harka shi ne Omegle, da wani matashi ya buɗe a Amurka a 2009. An rufe shi a watan Nuwamban 2023, bayan wata mata ta kai ƙara cewa tana 'yar shekara 11 aka haɗa ta da wani babban mutum da ya cutar da ita. An rufe ɗaya, amma ire-irensa suna nan.

Ga inda matsalar take. Yarinya na ganin da an kashe kira shi ke nan, alhali wancan yana naɗar komai. Zai fara da yabo, daga nan "cire mayafin mana", sai "ba ni lambarki mu koma WhatsApp". Da ya samu abin da yake so sai ya juya: turo kuɗi, ko na watsa wa 'yan uwanki. Samari ma ana yi musu, da hoton mace na bogi. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya goge shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara.

To, me za mu yi?

In kin saya wa yaro waya a Farm Centre ko wani wuri, ku zauna tare ku duba abin da ke ciki. Da dare kuma waya ta kwana a ɗakinki.

Amma babban abin shi ne wannan: ki faɗa wa 'yarki tun yau cewa ko me ya faru, ta fara zuwa wajenki. Makamin ɗan damfara tsoro ne. In ta san duka da gori za ta tarar a gida, shiru za ta yi, ta ɗauki kuɗin cefane ta tura masa. Shi kuwa gobe ma zai dawo.

In abin ya riga ya faru, kar a biya ko sisi. Kar a goge saƙonnin, su ne shaida. A ɗauki hotonsu, a toshe shi, a kai wa 'yan sanda, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan barazana. Kuma kar wata cikinmu ta tura bidiyon 'yar wata da sunan jan hankali. Rufin asiri ya fi.

Shugabannin mata na mazaɓu, a isar da wannan ga waɗanda ba sa kan waya, a gidan biki da gidan suna. Allah Ya shirya mana zuri'a.