Jawabi A Kan Haɗa Rediyon Oba-Oba Da Hannu

Jawabin wannan wata a kan wasu mutane ne masu sha'awar rediyo, waɗanda ba sauraro kaɗai suke yi ba. Su da kansu suke haɗa akwatin da ke karɓar magana, ya kuma aika da ita, wato irin wanda ake kira oba-oba.

Kamfani ne yake zuba kayan a cikin ƙunshi: ɗan allo mai huji-huji, da tiransisto, da waya, da takardar bayani. Mai saye sai ya zauna da ƙarfen narka dalma, ya bi takardar layi-layi, yana liƙa kowane abu a gurbinsa. Kamfanin Heathkit na Amurka ya fitar da irin wannan ƙunshi mai suna HW-8 a 1976. A 2017 kuma aka fitar da wani mai suna QCX.

Abin mamaki shi ne ƙarfin akwatin bai wuce wat 5 ba, kamar na ƙaramin ƙwan lantarki, kuma batir mai bolt 12 ya ishe shi. Amma saƙonsa yakan ƙetare teku. Dalili kuwa, can sama akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa, shi ke mayar da saƙon gajeren zango ƙasa a wuri mai nisa. Galibi da harshen tangaraho ake aikawa, ɗigo da ja, domin shi ya fi murya ratsa hayaniya. A kan mita 40, eriyar waya mai tsawon kamar mita 20 ta wadatar, in an ɗaga ta sosai.

Wannan ba wasan yara ba ne. A 2004, da igiyar teku ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, wayoyi suka katse, masu irin wannan sha'awa ne suka riƙa isar da labarin waɗanda suka tsira ga danginsu.

To, mai son gwadawa ya kiyaye abu 3. Na ɗaya, kada ya aika da saƙo sai ya sami lasin daga hukuma, wadda za ta ba shi lambar kira. Ta Nijeriya takan fara da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G. Na biyu, kada ya aika alhali bai ɗaura eriya ba, domin tiransisto na iya ƙonewa. Na uku, ya duba kan batir da gindinsa kafin ya jona.

Jarin wannan aiki shi ne haƙuri da karanta takarda a tsanake. Wanda ya tsallake layi ɗaya, akwatinsa ba zai ce uffan ba. Sauri ya haifi nawa.

Allah Ya ba da sa'a, amin.