Kafin Ka Zaɓi Gida, Zaɓi Dillali



Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, na daɗe ina tunanin abin da zan faɗa a gaban mutanen da suka san ni tun ina sa gajeren wando. Daga baya na ga yawancinmu furfura ta fito, wasu sun ajiye aiki, wasu suna ƙidayar watanni, kuma kusan kowa burinsa ya sa kuɗin sallamarsa a gida ko fili. To, ni na riga ku shiga wannan rami, shi ya sa zan ba ku labarinsa.

Kun san ni mutumin ƙasar Argungu ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 na koma Birnin Kebbi da aiki, kamar yadda wasunmu suka koma Gusau a 1996 da aka yi Jihar Zamfara. Bayan na yi ritaya sai hidimar karatun yara ta dawo da ni Sakkwato. Na ɗauka na san garin, alhali abin da na sani bai wuce hanyar tasha da kasuwa ba. Raina ya kwanta da Ƙofar Marke, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809, 'yar'uwar Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya da sauransu. Ina son zaman cikin gari, inda maƙwabci ya san maƙwabci. Abin da ban lura da shi ba shi ne, gidajen tsohuwar unguwa da yawansu na gado ne, kowane ɗaki da tarihinsa da masu haƙƙi a kansa.

A teburin mai shayi na haɗu da dillalina na farko. Yana da tsafta da daɗin baki, hotunan gidaje cike da wayarsa. Cikin kwana biyu ya kai ni wani gida mai zaure da rijiya, ya gabatar mini da wani mutum a matsayin mai gida. Ya ce wani Alhaji zai kawo kuɗi gobe, in ina so in ba da kafin alƙalami yau. Na tura kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a asusun dillalin, ba shaida, ba takarda sai 'yar rubutacciyar da ya yage daga littafi.

Mako uku bayan nan gaskiya ta fito. Wanda aka nuna mini ɗa ne a gidan, amma su bakwai mahaifinsu ya bari, kuma ba a raba gado ba. Akwai ƙanwarsu da ke aure a Birnin Ƙonni, cikin Jamhuriyar Nijar, wadda ko labari ba ta ji ba. Ta zo ta ce ba ta sayar ba, kuma ita ce mai gaskiya. Na yi wata da watanni ina zaryar kotu. An dawo mini da wani abu, saura kuwa har yau ina jira. Dillalin da na bincika, ashe ba a unguwar yake kwana ba, ba wanda ya san ƙofar gidansu. Malaminmu na lissafi yana zaune a nan. Malam, a yi mini afuwa, a ranar duk abin da ka koya mana ya gudu.

Karo na biyu sai na sake hanya. Na yi sati ina sallar magariba a wani masallaci na unguwar, na gabatar da kaina ga liman, na je na gai da mai unguwa. Na tambayi mutum huɗu daban-daban, ba a gaban juna ba, wane ne ake ba amanar ciniki a nan. Uku suka ambaci dattijo guda. Ba shi da ofis, tabarma ce a ƙofar gidansa. Gidan farko da na nuna sha'awa, shi da bakinsa ya ce in bar shi, domin da damina ruwan lungun duka ta nan yake bi. Na biyu ya ce akwai gardamar katanga da maƙwabci. Na yi wata biyu ina jin haushin jinkirinsa kafin ya kai ni inda nake zaune yau.

Daga waɗannan mutum biyu na koyi abubuwan da nake so ku riƙe.

Na farko, baƙo ko da ido makaho ne, dillali shi ne sandarsa. Saboda haka ku nemi wanda yake da tushe a wurin, wanda in ya cuce ku ba inda zai sa kansa, domin iyalinsa da mutuncinsa suna nan. Ku ce ya nuna muku gida biyu ko uku da aka saya ta hannunsa shekarun baya, ku je ku gai da masu gidan ku kaɗai.

Na biyu, ku saurari abin da yake faɗa na aibi. Duk gida yana da illa. Dillalin da bai ga illar komai ba, la'adarsa yake hange. Ku tambaye shi ruwan sha, da wuta, da magudana, da inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba zai raina wannan tambaya ba. In da hali, a duba gida da damina.

Na uku, ku guji mai gaggawa. “Wani zai biya gobe” tsohuwar dabara ce, kuma da ita aka kama ni. Ba a cinikin biri a sama. Dillalin kirki yana haɗa ku da mai abu ido da ido, a yi sallama a gabanku, ku san ainihin kuɗin da mai gida ya karɓa. La'ada kuma a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya. Ni da dattijon nan mun daidaita a kan kashi 5 cikin 100, kuma sai da aka gama komai ya karɓa. Kuɗin ciniki ya shiga hannun mai gida, ta banki, da sunansa.

Na huɗu, in gidan gado ne, ku nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuwa kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu. Ku tuna a mazhabarmu ta Malikiyya akwai shuf'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya kuɗin ya karɓe. A rubuta ciniki, a kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar da mu.

Na biyar, kada ku ɗora wa dillali abin da ba aikinsa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma sayar da fili mai takardar mallaka ta gwamnati yana buƙatar amincewarsa. Saboda haka ku ɗauki lambar takardar ku je ma'aikatar filaye da ƙafarku, ku tabbatar sunan wa ke kai, kuma ba a jinginar da ita a banki ba. Yawancin tsofaffin gidaje takardar mai unguwa ko ta hakimi kawai gare su; bayan ciniki sai ku nemi ta gwamnati. Ku sami lauya ya duba, in kuɗin da yawa kuma ku kira ma'aikacin ƙiyasta kadara mai rajista. Hukumar yi musu rajista tana nan tun 1975. Dillalin da ya ɓata rai don kun ce za ku bincika, ya riga ya ba ku amsa.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga shugabanninmu. Muna da 'yan ƙungiya a Kano, da Kaduna, da Abuja, da Legas, muna da lauyoyi da masu safiyo da ma'aikatan banki. Da ɗan gari a kan ci gari. Da na ɗaga waya na kira ɗaya daga cikinku da ke zaune a wannan birni shekara da shekaru, da kuɗina suna aljihuna, amma girman kai da son in ba ku mamaki suka hana ni. Ina ba da shawara a buga sunayen wakilanmu na kowane gari a mujalla mai zuwa, domin duk wanda zai sayi gida a baƙon wuri ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Ni dai a sa ni a Ƙofar Marke.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa wa guminmu albarka.