Daga Dutse Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne A Sama?

  Yau shirinmu na maniyyata ne, da masu shirya wa uwa ko surukuwa kayan tafiya.

Kakanninmu da ƙafa suke zuwa Makka, ta Barno da Chadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa. Wani sai ya shekara a hanya, wani ma can ya zauna. Yau kuwa daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, daga filin Dutse da aka buɗe a 2014 ya ɗan gaza haka kaɗan. Jirgi yana gudun fiye da kilomita 800 a awa guda, don haka awa huɗu da rabi zuwa biyar kin sauka, in ya bi ta sararin Sudan. A 2023 da yaƙi ya sa aka rufe sararin, jiragen alhazai sun yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

To Hajiya, kada awa biyar ɗin nan ta ruɗe ki. Ki haɗa da motar Haɗeja zuwa Dutse, da zaman sansanin alhazai, da layin duba fasfo a can. Sau da yawa wuni da kwana ne. Shi ya sa maganin hawan jini ko na sukari ya kasance cikin jakar hannunki, ba cikin babbar jakar da za a sa a ƙasan jirgi ba.

Na biyu, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. In kun tashi ƙarfe goma na safe, kuka yi awa biyar, agogonki zai nuna uku, amma a Jidda biyar ta yi. Ki kula da wannan saboda salla da lokacin shan magani. Ku kuma na gida, kada hankalinku ya tashi in ba ku ji waya nan take ba.

Na uku, wasu mata kan ƙi shan ruwa don kunyar shiga bandakin jirgi. Kada ki yi haka. Iskar cikin jirgi busasshiya ce. Ki sha ruwa, ki riƙa motsa ƙafafunki saboda kumburi, ki tambayi ma'aikaciyar jirgi ta nuna miki bandakin. In kunne ya toshe wajen sauka, ki haɗiyi yawu.

Sannan ki tambayi malaman bita: Jidda za ku sauka ko Madina? Don hukuncin ɗaukar harami ya danganta da wannan.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.