Lokaci Sabau da Jan Biron Malamin Turanci



Daga Kakuri zuwa Barnawa har Sabon Tasha, darasin iri ɗaya ne. Malami ya rubuta Simple Present Tense a allo, yara su rera ma'anarsa har su haddace. Ranar jarrabawa yaro ya rubuta "He is going to school every day", a zabga masa jan biro, masu duba makarantu su ce yaran yanzu ba sa karatu.

Yaron yana karatu. Da Hausa yake tunani, kuma a Hausa "yana zuwa makaranta kullum" magana ce lafiyayya. Aikin da Turanci ya ɗora wa lokaci ɗaya, Hausa ta rarraba shi. "He goes" na al'ada shi ne "yakan je", lokaci sabau, ko "yana zuwa", lokaci mai ci, idan an haɗa da "kullum". "I know" kuwa "na sani" ne, da sigar shuɗaɗɗen lokaci, shi ya sa wani yaron yake rubuta "I knew" alhali yanzu yake nufi. "Ina da biro" ita ke haifar da "I am having a pen". Ɗan unguwar Narayi ko Television da ya tashi da Turancin buroka ma bai tsira ba, domin "dey" ɗinsa ta haɗe abin da ake yi yanzu da abin da aka saba yi.

Sai wannan "s" da ake dukan yara a kanta. Bahaushe yana cewa yakan sha, takan sha, sukan sha: wakilin suna ke canzawa, aikatau yana nan yadda yake. Me zai sa yaro ya yi zaton "drink" za ta koma "drinks" saboda mutum ɗaya ne ke sha, in ba a jera masa harsunan biyu a allo ya gani da idonsa ba?

A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji, ta sallami 21,780. An sauya malamai, tsarin haddar bai gusa ba.

Masu makarantun kuɗi da ke cin yaro tara don ya yi Hausa a aji suna cewa kwatanta harsuna yana rikita ɗalibi. Rikicewar tana cikin littafin aikinsa tun kafin kowa ya kwatanta komai.

Lallai Hukumar SUBEB ta halasta wa malamin Turanci yin bayani da harshen da yaran ajinsa suka fi ji. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kuma ta wajabta wa duk mai shirin koyar da Turanci kwas na nahawun Hausa kafin ta miƙa masa takardar NCE.