HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE: Jawabi Ga Jama'ar Dundaye A Kan Ƙaura Da Iyali



Maganar da za mu yi yau ku ne kuka kawo ta. Magidanta da yawa su kan zo ofishin reshe a rubuta musu takarda, in an tambaya ta mece ce, sai su ce ta sayar da gona. In an ce me za a yi da kuɗin, sai su ce za su kwashe iyali su koma Ikko, ko Abuja, ko Kano. In an ce wane aiki ke jiransu can, sai su ce Allah na nan. Lalle Allah na nan, amma Shi ne kuma Ya ba mu hankali. Don haka muka ga ya kamata mu zauna mu duba al'amarin a fili.

Da farko, kada wani ya tashi daga nan ya ce mun hana tafiya. Tsarin mulki na 1999, sashe na 41, ya ba ko wane ɗan Nijeriya ikon ya je inda ya so, ya zauna inda ya so. Ban da haka ma tafiya gadonmu ce. A ranin 1952 zuwa 1953 hukuma ta sa aka ƙidaya masu fita cin rani ta hanyoyin Lardin Sakkwato, aka sami mutum fiye da 200,000. Waɗansu sun nufi Kurmi wajen koko, waɗansu Jos wajen kuza, waɗansu Gwanja, watau Kumasi da Ankara. Kakanninmu ne waɗannan, kuma da guminsu aka biya haraji, aka yi aure, aka sayi shanun noma.

To, amma mu duba yadda su ke tafiyar. Mutum ba ya tashi sai ya girbe gero ya zuba a rumbu. Shi kaɗai ya ke fita, ko da ƙanensa, iyali na gida wurin dangi. Ya san sunan mai gidan da zai sauka wurinsa tun bai ɗaura kaya ba. A Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, mai gida shi ke ba baƙo masauki, shi ke tsaya masa wajen ciniki, shi ke ajiye masa kuɗi, in rigima ta taso shi ke shiga gaba. Da an ga hadarin farko kuwa sai a kamo hanyar gida. In an samu, an samu. In ba a samu ba, gona na nan, damina na nan. Wannan shi ne cin rani. Abin da a ke so a yi yanzu, watau a sayar da gona, a kwashi mace da 'ya'ya, a sauka tasha ba a san kowa ba, sunansa ƙaura, kuma tsakaninsa da cin rani akwai nisa ƙwarai.

Mun san abin da ke tura mutane, ba kuwa lalaci ba ne. Tun da aka kafa jami'a a 1975 aka ba ta mazauni a wannan yanki, birni ke ta matsowa, gonaki na zama filayen gini, gandun da uba ɗaya ya noma yau 'ya'ya da jikoki ke rabonsa. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye amfanin fadama, ta karya gadar da ta haɗa jami'a da gari, sai da mutane suka koma ƙetare ruwa da jirgi. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na injin ban ruwa suka tashi, kayan masarufi suka bi su. Duk wanda ya ce talaka ba shi da dalilin neman mafita, bai shiga kasuwa ba.

Akwai kuma waɗansu da wannan jawabi bai shafa ba, su ne 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da 'yan bindiga suka kora daga garuruwansu. Wanda ya gudu da ransa ba a tambayarsa lissafi. Abin da ke kanmu game da su shi ne masauki, da sauƙin haya, da aron kuyya biyu uku a fadama. Maganarmu da wanda ke da zaɓi ce, wanda gonarsa ke hannunsa, ba kuwa mai korarsa.

To, mai zaɓi, zo mu yi lissafi irin na akawu. A Dundaye ba ka biyan haya, ɗakin ubanka ka ke ciki. A Ikko dokar haya ta 2011 ta hana mai gida ya karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, watau ita kanta doka ta yarda a karɓi na shekara guda cur tun ba ka sa ƙafa a ɗakin ba, ga la'adar dillali, ga kuɗin takardar yarjejeniya. A nan, in gidanka kwano ɗaya na hatsi ya ke ci a yini, daga rumbu ya ke fitowa. A can, in ka yi wata uku ba aiki, kwano 90 ke nan za ka saya da tsabar kuɗi. Ruwa saye, makamashi saye, kuka da kuɓewa saye, har ban ɗaki a waɗansu unguwanni sai an biya. A 2024 aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, wannan kuwa na mai aikin albashi ne. Mai dako da mai tura ruwa da mai wankin takalmi, abin da suka kama a yini shi ne nasu, ran da zazzaɓi ya kwantar da su ba su da kome. Kowa ya ɗauki kuɗin da aka yi wa gonarsa tayi, ya cire hayar shekara, ya cire kuɗin motar mutum shida na tafiyar kusan kilomita 1,000, ya ga wata nawa ragowar za ta ciyar da gidansa.

Akwai wata dukiya kuma da ba ta shiga mota. Ku 'yan kasuwa kun fi mu saninta. In ka je Kara ko babbar kasuwa a kan ba ka kaya bashi, ka sayar ka kawo, domin an san ubanka, an san ƙofar gidanku. Wannan amana ita ce rabin jarin ƙaramin ɗan kasuwa, a baƙon gari kuwa sai ka shekara ba a ba ka ko buhu ɗaya ba. Haka iyayenmu mata. Mai ƙuli-ƙuli, mai fura, mai dakau, mai kitso, ko wacce tana da masu saye da suka saba da hannunta, tana da adashin da ta ke zubi, tana da maƙwabciyar da za ta kama mata ran haihuwa. In an ɗauke ta aka kai ɗaki guda a Agege ko Mararaba, an karya mata jari, an mai da ita mai jiran abin da miji zai shigo da shi. Magidanta da yawa ba su sa wannan a lissafi, sai tukunya ta gaya musu.

Yanzu mu waiwayi abin da ya sami waɗanda suka riga mu. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasar. Hausawan da suka shekara aru-aru a zango, har da waɗanda can aka haife su, suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka. Wanda ya bar gona a gida ya komo ya kama fartanya. Wanda ya yanke da gida ya komo baƙo a garin ubansa. Kada a ce ai wannan wata ƙasa ce. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a kasuwar Sasa ta Badun, aka ƙone rumfuna da gidaje, 'yan arewa da yawa suka hau mota suka komo. Ga kuma sana'ar da samarinmu suka fi dogara da ita, watau kabu-kabu. An hana ta a tsakiyar Abuja a 2006, an hana ɗaukar fasinja a babur cikin Kano a Janairun 2013, an hana ta a ƙananan hukumomi shida na Ikko ran 1 ga Yuni 2022. Sanarwa ɗaya ta kan kashe sana'ar dubban mutane a dare ɗaya. Saurayi shi kaɗai ya iya kwana a masallaci ya nemi wata. Mai mata da 'ya'ya biyar fa, ina zai kai su?

Saboda haka ga shawarwarin da muka tsayar, muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na ɗaya, mai gida ya fara zuwa shi kaɗai. Zuwa da kai ya fi saƙo. Labarin wanda ya zo hutun salla da sabuwar riga ba shaida ba ne, domin ba ya faɗa muku su nawa ke kwana a ɗakin.

Na biyu, kada ya tashi sai ya san wanda zai sauka wurinsa, mutumin da ya amsa da bakinsa, wanda kuma ke cikin sana'ar da za a koya. A manyan garuruwa da yawa akwai Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa. A je a gaishe su, a san da zuwanka tun kafin wata matsala ta taso.

Na uku, kada a sayar da gona don kuɗin tafiya. A ba ɗan'uwa aro, ko a ba da haya ta shekara ɗaya, a rubuta, shaidu su sa hannu gaban mai unguwa. A yi hankali da jingina, domin gonar da aka jinginar ba a sa ranar fansa ba, sau da yawa ta kan tafi ke nan. Filin da ke bakin birni kullum daraja ya ke ƙarawa, shi ya sa dillalai ke zarya a ƙofar gidajenku. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na huɗu, a bar wa iyali abincin da zai kai su, a kuma ware kuɗin motar komowa, a ajiye shi wurin amintacce, kada a taɓa shi ko da yunwa.

Na biyar, a sa wa'adi. In daga kaka zuwa faɗuwar ruwa ba a sami abin da ke shigowa kullum ba, a komo a yi shuka. Komowa ba abin kunya ba ne, haka kakanninmu suka yi shekara da shekaru.

Na shida, kada a aiko a ɗauki iyali sai abu uku sun tabbata: ɗaki da aka biya hayarsa, sana'ar da ta ciyar da mai ita wata shida a jere har ya aiko gida da saura, da makarantar da za ta karɓi yara. A kuma yi shawara da uwargida tun da fari, a ji abin da za ta rasa da abin da za ta iya yi a can. Ita ce za ta wuni a ɗakin.

Na bakwai, ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa takardu tun da wuri: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwar yara, katin rigakafi, takardar canjin makaranta, da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar Wamakko, domin a wata jiha ita za a tambayi yaro ran neman makaranta ko aiki. Mai katin zaɓe ya nemi hukumar zaɓe ta mayar masa da rajistarsa inda ya koma, kada ƙaura ta cinye masa ƙuri'a. Ofishin reshe zai taimaka wajen cika takardun nan, ba a biyan ko kwabo.

Na takwas, kafin a hangi nesa a dubi kusa. Muna bakin gulbin Rima. Albasa da tattasai da shinkafar da a ke lodi zuwa kudu daga irin fadamarmu su ke fita. Mutum biyar in sun haɗa kuɗi sun sayi injin ban ruwa ɗaya, ko su yi lodi tare su tura ɗayansu ya raka kaya, sun ci kasuwar Ikko iyalinsu na kwana a gida.

Daga ƙarshe muna da magana da masu mulki, ko su wane ne. Ba a hana mutum ƙaura da wa'azi. A tsare hanyoyi da ƙauyuka, a kawo taki kan kari ya isa hannun mai noma, a gyara madatsun ruwa, a sanar da mutanen fadama kafin a saki ruwa, in an karɓi gonar talaka don aikin hukuma a biya shi diyyar da za ta saya masa wata. Ran da aka yi haka za a ga masu neman takardar sayar da gona sun ragu.

Ku kuma 'yan'uwa, duk wanda ke da niyyar tashi a bana, muna roƙonsa ya biyo ta ofis da matarsa ko wakilinta kafin ya karɓi kuɗin kowa. Mu ɗauki fensir mu yi lissafin tare. In ya fita, mu raka shi tasha da addu'a. In bai fita ba, ya riƙe gonarsa zuwa baɗi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya.