Tambaya Kafin Tsinke: Gano Ciwon Sukarin Da Ke Ɓoye Ba Tare Da Ɓarnar Kuɗi Ba

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga maganar kai tsaye.

Alƙaluman da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021 sun ce manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, kuma kusan miliyan 240 daga cikinsu ba su sani ba. A Afirka kudu da Sahara masu ciwon sun kai miliyan 24, kashi 54 cikin 100 ba a gano su ba, kuma babu yankin duniya da ya kai mu wannan giɓi. A Najeriya ita Tarayyar ta ƙiyasta miliyan 3.6, amma nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya samu kashi 5.77 cikin 100, wato mutum fiye da miliyan 11. Binciken ƙasa na 1992, wanda muka shekara da shekaru muna jingina da shi, kashi 2.2 ya ce. Duk wanda kuka ɗauka a cikin ukun, maganar ba ta sauya ba: akwai miliyoyin da sukari ke cin idonsu da ƙodarsu ba su da labari, tunda ciwon kan shekara huɗu zuwa bakwai a jiki kafin a gano shi. Sai ya zo mana da gyambon ƙafa ko shanyewar ɓarin jiki.

Kowa a nan ya yarda a nemo su. Saɓanina da masu tsara manufa shi ne yadda ake neman. Abin da muka saba gani shi ne ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, ko dab da zaɓe, a kafa rumfa a bakin kasuwa, a kira 'yan jarida, a tsaga yatsan duk wanda ya gifta: yaro, babba, wanda ya sha koko da sukari yanzun nan, da wanda ya daɗe da sanin yana da ciwon amma ya ga banza. A rubuta masa lamba a guntun takarda a ce ya je asibiti. Da yamma a sanar cewa an gwada mutum dubu kaza. Mutum nawa ne suka koma aka tabbatar? Nawa suka fara magani? Babu mai tambaya, domin hoton an riga an ɗauka.

Mu yi lissafi. Nazarin 2018 ɗin ya samu kashi 3.0 cikin 100 a Arewa maso Yamma, alhali Kudu maso Kudu na da kashi 9.8. Idan rabin kashi ukun nan ne ba a gano ba, to gwajin kowa da kowa zai cinye tsinken gwaji wajen 67 kafin a kamo sabon majiyyaci guda. Wannan ba ƙiyasin kan tebur kawai ba ne. A 2001 Birazil ta yi gangamin da ban san kamarsa ba: gwaji fiye da miliyan 22 ga masu shekara 40 zuwa sama. Kusan miliyan 3.4 sakamakonsu ya nuna shakku, amma sababbin da aka tabbatar wajen 346,000 ne, wato gwaji 64 kan mutum ɗaya, a kan dala 76 kowane majiyyacin da aka gano. Birazil ta iya ɗaukar wannan nauyi domin tana da tsarin lafiya na kyauta da ya karɓi mafi yawan waɗanda aka gano. Mu da majiyyaci ke biya daga aljihunsa, wace jiha ce za ta iya?

Zan kuma kawo hujjar da ba ta goyon bayana, kafin wani ya kawo ta a lokacin tambayoyi. Binciken da aka yi a yankin Kambirij na Ingila, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya bi mutum kusan 20,000 masu shekara 40 zuwa 69 tsawon kusan shekara goma, bai ga gwajin ya rage mace-mace ba. Gaskiya ne. Amma a Ingila wanda ba a gayyata gwaji ba, likitansa zai gano shi nan ba da jimawa ba. A wurinmu babu wannan likitan. Darasin da na ɗauka shi ne, gwaji shi kaɗai ba ya ceton kowa. Maganin da ya biyo baya ne ke ceto.

Hanyar da nake kira a bi mataki biyu ce, kuma na farkon ba ya buƙatar ko ɗigon jini. Finlan ta fitar da tambayoyi takwas a 2003. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne na Indiya, wanda Dokta Mohan da jama'arsa suka tsara a Cennai a 2005: shekaru, faɗin ƙugu, motsa jiki, da ko iyaye na da ciwon. Abu huɗu ke nan, kayan aikinsu tef ɗin tela da biro. Da su suka nuna cewa in aka gwada ƙasa da rabin jama'a za a kamo kusan bakwai cikin goma na waɗanda ba a gano ba. A ƙara awon hawan jini a kai. Sai dai ma'aunin Indiya ko na Turai ba za a ɗora mana shi haka kawai ba, domin duk mai duba marasa lafiya a nan ya san da yawan masu sukarinmu sirara ne, ba su da teɓa. Gyara ma'aunin ya dace da jikin mutanenmu aiki ne na jami'o'inmu, kuma ba mai tsada ba ne.

Wanda makinsa ya hau, shi za a tsaga wa yatsa, da safe kafin ya karya, bayan awa takwas bai ci komai ba. In sukarinsa ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, a maimaita wata rana kafin a laƙaba masa ciwo. Ba sai an fita farautar mutane ba ma. Mai hawan jini yana zuwa awo da ƙafarsa. Mai tarin fuka yana zuwa karɓar magani wata shida, kuma mai sukari ya ninka waninsa kusan sau uku wajen kamuwa da tarin. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa duba kowane ɗayansu a kan ɗayan. Matar da sukarinta ya hau lokacin goyon ciki sunanta na cikin rajista. Magidanta kuwa, waɗanda ba sa zuwa asibiti sai an ɗauko su, ana samun su a ƙofar masallaci bayan sallar Asuba, ba su sa komai a baki ba.

Akwai masu son a yi komai da gwajin HbA1c saboda ba ya buƙatar zama da yunwa. Ina adawa da wannan a matsayin gwajin jama'a. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar sikila, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙarancin jini. Gwajin fitsari kuma arha ce ta banza, tunda sukari ba ya fitowa a fitsari sai ya haura wajen 180 a jini.

Shi ma tsinken yana da nasa sharaɗi. Yawancinsu ba a so ajiyarsu ta wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Kuma an sha raba na'urori kyauta waɗanda tsinkensu babu shi a kasuwa, su ƙare a durowa. Jiha ta zaɓi na'ura iri ɗaya, ta sayi tsinkenta a dunƙule.

Za a ce babu kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kiwon lafiya matakin farko. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, da sunan yaƙi da wannan ciwo, amma ba a keɓe kuɗin ga lafiya ba. A 2022 ƙasashen duniya, har da mu, suka amince a Janiba cewa zuwa 2030 za a gano kashi 80 cikin 100 na masu ciwon sukari. Sa hannu ba ya mana wuya.

Roƙona ga kwamishinonin lafiya da shugabannin hukumomin lafiya matakin farko da ke zauren nan: kada ku sake sakin kuɗin gwajin sukari ga wanda bai nuna muku inda za a maimaita gwajin da inda za a samu maganin metformin ba. Rahoton da za a kawo muku kuma, ku daina karɓar adadin waɗanda aka gwada. Ku nemi adadin waɗanda suke kan magani bayan wata shida, da abin da aka kashe a kan kowannensu.