Addu'a a Wurin Maƙwabtanmu Kirista: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya a Sabo, Ibadan



Kwamiti ya ce mu ɗan yi magana a kan addu'ar Kirista, saboda ƙorafin da yaranmu ke kawowa game da lasifikar coci da dare, har wasu na cewa su za su je su yi maganin abin da kansu. To jama'a, mun daɗe a ƙasar Yarbawa, da su muke ciniki, a gidajensu wasunmu ke haya. Kafin mu yi fushi, ya kamata mu san mene ne suke yi.

Abu na farko, abin da Kirista ke yi ba salla ba ce irin tamu mai lokuta biyar da raka'o'i da alƙibla. Ya fi kama da abin da muke kira addu'a, wato bawa ya yi magana da Ubangijinsa: ya yabe Shi, ya gode, ya faɗi laifinsa, ya roƙa wa kansa da waninsa. Yana iya yi a tsaye, ko a durƙushe, ko a cikin mota, kuma da harshensa. Kirista Bahaushe ma da Hausa yake yi, don tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. Yarbawa kuwa "adura" suke cewa, kun ji ai kalmar tamu ce ta addu'a, daga Larabci.

Akwai addu'a ɗaya da kusan kowane Kirista ya haddace, suna kiranta Addu'ar Ubangiji. Tana cikin Matta sura ta 6 da Luka sura ta 11, sun ce Annabi Isa (AS) ne ya koya wa almajiransa. 'Yar gajera ce. Ana tsarkake sunan Allah, a roƙi abincin yini, a nemi gafara, a nemi tsari daga jarraba da Mugun. Inda ya kamata ɗan kasuwa ya kasa kunne shi ne wajen gafarar: mai roƙon yana cewa a yafe masa kamar yadda shi ma ya yafe wa wasu, kuma a Matta da kalmar bashi aka kawo zancen. Mu da muke kwana da littafin bashi a ƙarƙashin matashi, mun san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sannan ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Ɗan Katolika yana da carbinsa, kashi biyar, kowane kashi ƙwaya goma, kuma akwai addu'ar da suke yi ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma. Waɗanda suka yi fatauci a Onitsha sun sha ganin mutum ya tsai da ciniki da tsakar rana ya sunkuyar da kai. 'Yan Angilikan daga littafi suke karantawa, cikin natsuwa. Masu fararen kaya kuma su ne Aladura, wato ma'abota addu'a. Kerubu da Serafu sun fara a Ikko a 1925, Joseph Ayo Babalola ya yi babban wa'azinsa a Ilesha a 1930, Celestial kuma Samuel Oshoffa ya kafa ta a Porto-Novo a 1947, su ne ba sa sa takalmi in sun sa farar riga. Su waɗannan da cocin zamani irin Redeemed su suka fi yin kwanan addu'a, da ganga da tafi da ɗaga murya, suna neman waraka da buɗi da kariya daga maƙiya.

Saboda haka mai hana mu barci ba "Kirista" ba ne gaba ɗaya, coci ɗaya ce a lungu ɗaya, tana da fasto, tana da dattawa. Kuma a cikin wannan sura ta 6 ta Matta an hore su da mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa in zai yi addu'a, kada ya yi don a gani. Kiristoci da yawa su ma ƙarar tana damunsu. Mu kuma, a gaskiya, lokacin tafsiri da maulidi tamu lasifikar ba rowa take yi ba.

Inda muka rabu da su sananne ne: suna rufe addu'a da sunan Yesu, suna ɗaukarsa Ɗan Allah, mu ba mu yarda da haka ba. In an buɗe taron kasuwa da addu'arsu, ba wanda ya ce sai ka amsa. Ka yi shiru, ka bar dariya da latsa waya, sai a zo kan tamu. Sauran hukunci malamai na nan zaune, sun fi mu sani.

Akwai kuma abin da ya taɓa aljihu. Kafin Ista suna da azumin kwana 40 da ke farawa da Larabar Toka, 'yan Katolika na ƙaurace wa nama ranakun Juma'a a lokacin, mahauta da masu kifi sai a lura. Direbobinmu kuma su sani, Juma'ar farko ta kowane wata ana kwanan addu'a a sansanin Redeemed da ke hanyar Ikko zuwa Ibadan, ga babban taronsu a Disamba. Mai ɗauke da tumatir ko shanu, gara ya wuce da wuri ko ya kwana.

Shawararmu ga kwamiti ita ce a zaɓi dattawa uku, a haɗa da mai jin Yarbanci sosai, su sami faston da rana, ba cikin dare ana tsakiyar addu'a ba, a roƙi a juya lasifikar ciki bayan ƙarfe 11. Yara kuwa kada kowa ya taka ƙofar cocin nan kafin dattawa su dawo mana da amsa a taro mai zuwa.